Awo Kafin Gumi: Filin Motsa Jiki a Matsayin Ƙofar Farko ta Gano Hawan Jini da Ciwon Sukari

Gabatarwa

Ranar 12 ga watan Agusta, 1989, dubban 'yan kallo sun cika babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas, inda Nijeriya ke karawa da Angola a wasan neman gurbin shiga gasar cin Kofin Duniya. Wasa ya yi nisa a zagaye na biyu, sai ɗan wasan tsakiya Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Faɗuwar da bai tashi ba ke nan, yana da shekara 25 a duniya. Binciken da likitoci suka yi bayan rasuwarsa ya nuna cewa zuciyarsa ta yi girma fiye da ƙima, kuma yana da hawan jini. Duk wanda ya ga wannan matashi yana tsere da ƙwallo kafin wannan rana zai iya rantsuwa cewa babu mai ƙoshin lafiya kamarsa.

Na buɗe da wannan labari ne domin ya nuna cewa ƙarfin jiki daban, lafiya daban. Mutum yana iya yin gudu, ya ɗaga ƙarfe, ya yi noma tun hantsi har la'asar, alhali ciwo na cin sa ta ciki bai sani ba. Ra'ayin da wannan maƙala ke ƙoƙarin karewa shi ne, duk wurin da jama'a ke taruwa domin motsa jiki, ko filin makaranta ne, ko filin ƙwallon unguwa, ko gidan motsa jiki na kuɗi, ya kamata ya zama wurin da ake fara auna jinin mutum da nauyinsa kafin a sa shi gumi. Idan an ga alamar ciwo a tura shi asibiti, idan kuma ya dawo da umarnin likita a taimaka masa ya bi. Malamin makaranta yana da babban rabo a cikin wannan aiki, shi ya sa nake ganin maganar ta shafi ɗaliban kwalejojin ilimi kai tsaye.

Cututtukan da Ba Sa Sallama

Zazzaɓin cizon sauro idan ya zo yakan sanar da kansa. Jiki ya yi zafi, kai ya sara, mutum ya kwanta, dole a nemi magani. Hawan jini da ciwon sukari na manya ba haka suke ba. Sukan shafe shekaru a jikin mutum ba tare da wata alama da za ta tayar masa da hankali ba, suna lalata jijiyoyin jini da ƙoda da ido da zuciya sannu a hankali. Sau da yawa ranar da aka gano su ita ce ranar da ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta daina aiki, ko wani ɗan rauni a ƙafa ya ƙi warkewa har ya kai ga yanke ta.

Alƙaluman da ake da su sun isa su sa mutum tunani. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa masu hawan jini a duniya sun ninka tsakanin 1990 da 2019, daga miliyan 650 zuwa biliyan 1.3. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu daga cikin biyar ba sa samun kulawar da za ta saukar da jinin yadda ake so. A Nijeriya, bincike daban-daban sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi uku yana da hawan jini. Ta fuskar ciwon sukari kuwa, Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, inda fiye da rabin masu ciwon ba a gano su ba.

Dalilin yaɗuwar waɗannan cututtuka bai ɓoyu ga duk wanda ya dubi yadda rayuwarmu ta sauya ba. Kakanninmu sun rayu cikin noma da kiwo da fatauci a ƙafa, iyayenmu mata kuma cikin daka da surfe da ɗiban ruwa. A yau ma'aikaci a birni yakan fito daga gida ya hau babur ko adaidaita-sahu, ya wuni a kujera, ya dawo ya zauna a majalisa da waya a hannu har dare. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi. A ɓangaren ci kuma, lemon kwalba da shayi mai kaurin sukari da soye-soye sun samu gindin zama, miya kuwa ba ta cika sai an haɗa gishiri da dunƙulen ɗanɗano, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Daɗin daɗawa, har yanzu mutane da yawa suna kallon tumbi a matsayin shaidar arziki da hutu. Sai dai kuma kada a ɗauka cewa ciwon na masu ƙiba ne kaɗai. Gado da shekaru suna da nasu tasirin, kuma akan samu siririn manomi da jininsa ya hau matuƙa. Wannan ne ya sa ido ba ya iya raba mai ciwo da marar ciwo. Awo ne kaɗai ke iyawa.

Me Ya Sa Filin Motsa Jiki?

Mai karatu na iya cewa, ai asibiti ne wurin awo, me ya haɗa filin wasa da wannan aiki? Amsar tana cikin ɗabi'armu. Bahaushe, musamman namiji, ba ya zuwa asibiti sai ciwo ya kayar da shi. Mace takan samu a auna jininta lokacin awon ciki, amma magidanci mai shekara arba'in yana iya kai wa wannan shekarun ba a taɓa ɗaura masa na'urar awon jini a dantse ba. Ciwon da ba ya nuna alama kuwa ba zai taɓa kai mutum asibiti da wuri ba. Ke nan idan ana son a gano shi, tilas ne a kai awon inda masu ganin kansu lafiyayyu suke taruwa.

Filin motsa jiki yana da siffofin da suka sa ya dace da wannan aiki. Wanda ya zo wurin ya riga ya zo da niyyar kula da jikinsa, don haka ba zai yi gardama ba idan an ce ya miƙo hannu a auna. Haka kuma zuwan ba na rana ɗaya ba ne. Mai zuwa asibiti yakan ga likita na 'yan mintoci sau biyu ko uku a shekara, amma mai zuwa fili yakan ga mai horar da shi sau uku a mako. Ciwon da ake rayuwa da shi har ƙarshen rai ya fi bukatar irin wannan bibiya ta yau da gobe. Bayan haka, wani sashe na maganin yana nan a filin. Tun 1953 likita Jeremy Morris da abokan aikinsa suka nuna cewa kwandastocin motocin safa masu bene na birnin Landan, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka a matakala, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke wuni a zaune a cikin motocin. Daga wannan lokaci zuwa yau hujjoji sai ƙaruwa suke yi.

Akwai kuma dalili na tsaro. Motsa jiki magani ne, amma kamar kowane magani, yana da hatsari idan an ba wanda bai dace ba, ko an ba shi fiye da ƙima. Magidancin da ya shekara ashirin bai yi gudu ba, jininsa ya hau bai sani ba, ya wayi gari ya shiga cikin samari yana sassarfa ko ɗaga ƙarfe mai nauyi, ya jefa kansa cikin kasada. Duk mai horarwar da ya karɓi irin wannan mutum bai tambaye shi komai ba, bai auna shi ba, ya yi sakaci da amanar da aka ba shi.

Abin da Aka Gwada a Wasu Ƙasashe

Wannan ra'ayi ba mafarki ba ne, an gwada shi a wurare da dama. A 2002 aka wallafa sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum 3,234 waɗanda sukarin jininsu ya ɗaga amma bai kai matakin ciwo ba. An raba su gida uku. Kashi na farko an koya musu gyara cin abinci, da motsa jiki na minti 150 a mako, da rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu. Kashi na biyu an ba su ƙwayar metformin, na uku kuma an ba su ƙwayar da ba ta da magani a ciki. Bayan kimanin shekara uku, kamuwa da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin ɗari a wajen masu gyaran rayuwa, da kashi 31 a wajen masu shan metformin. Matsalar da ta biyo baya ita ce tsadar gudanar da shirin a asibiti. Sai aka koma ga gidajen motsa jiki na ƙungiyar YMCA, aka horar da ma'aikatansu, waɗanda ba likitoci ba ne, su riƙa ba da darussan ga mutane rukuni-rukuni. Gwajin da aka wallafa a 2008 daga birnin Indianapolis ya nuna mahalarta sun rage nauyi kusan daidai da abin da aka samu a binciken farko, a kan kuɗi kaɗan. A 2018 shirin inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnatin Amurka ya fara biyan kuɗin irin waɗannan darussa.

Misali na biyu ya fi kusa da zuciyar matasanmu, domin ya shafi ƙwallon ƙafa. A ƙasar Sikotland an lura cewa maza masu ƙiba ba sa zuwa shirye-shiryen rage nauyi, suna ganin harkar mata ce. Sai masu bincike suka haɗa kai da ƙungiyoyin ƙwallo 13 na ƙasar, aka gayyaci magoya bayansu masu shekara 35 zuwa 65 su zo filin ƙungiyar da suke ƙauna sau ɗaya a mako har mako goma sha biyu, masu horarwa na ƙungiyar suna koya musu motsa jiki da gyaran abinci, ana auna nauyinsu da ƙugunsu da jininsu. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2014 a kan maza 747 ya nuna cewa bayan shekara guda waɗanda suka shiga shirin sun fi waɗanda ba su shiga ba rage nauyi da kusan kilo 5, kuma jininsu ya sauka. Abin da ya jawo su shi ne son ƙungiyarsu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda magoya bayan Kano Pillars ke cika filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ko yadda gidajen kallon ƙwallo ke cika maƙil a kowane gari, zai gane cewa irin wannan ƙofa a buɗe take a wajenmu.

Misali na uku daga Birazil yake, ƙasar da ta san talauci kamar yadda muka san shi. A 2002 hukumar birnin Recife ta fara shirin da ke tura ƙwararrun malaman motsa jiki zuwa dandali da wuraren shaƙatawa na unguwanni, suna jagorantar atisaye kyauta safe da yamma, suna auna jini da nauyi, suna ba da shawara kan abinci. A 2011 Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ta ɗauki irin wannan tsari ta yaɗa shi a faɗin ƙasa, ta kuma jingina shi da cibiyoyin lafiya na matakin farko. Darasin da ke nan shi ne, ba sai da gini mai sanyi da injuna masu tsada ba. Fili da inuwa da mutum mai horo sun isa a fara.

Awon da Ya Kamata a Yi

Awon farko da baki ake yin sa. Kafin sabon zuwa ya fara komai, a zaunar da shi a tambaye shi: shin likita ya taɓa ce masa yana da ciwon zuciya ko hawan jini ko sukari? Yakan ji ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi idan ya yi aiki kaɗan? Ya taɓa suma ko jin jiri mai tsanani? Akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a yana matashi a danginsa? Yana shan wani magani a kullum? Yana shan taba? Duk wanda ya amsa da i a kan ciwon ƙirji ko suma ko ɗaukewar numfashi, a dakatar da shi har sai ya ga likita.

Awo na biyu shi ne na jini. Na'urar zamani mai batir da ake ɗaurawa a dantse ba ta da wuyar sarrafawa, amma tana da ƙa'idoji. A yi awon kafin motsa jiki, domin gudu da kansa yakan ɗaga jini na ɗan lokaci. Mutum ya zauna ya huta na minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a ɗore daidai saitin zuciya, ba ya magana. Kada ya zama ya ci goro ko ya sha shayi ko taba cikin rabin awar da ta wuce. A auna sau biyu, a rubuta. Idan lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, a sake aunawa wata rana. Idan ta sake nuna haka, a ba shi takarda ya kai asibiti. Idan kuwa ta kai 180 bisa 110, babu maganar motsa jiki a wannan rana, asibiti zai nufa ba tare da jinkiri ba.

Awo na uku na nauyi da ƙugu ne. Sikeli da tef irin na tela sun wadatar. Hanya mafi sauƙi da kowa zai riƙe ita ce, kewayen cikin mutum bai kamata ya kai rabin tsawonsa ba. Mai tsawon santimita 170, alal misali, cikinsa ya tsaya ƙasa da santimita 85. Kitsen da ke taruwa a ciki ya fi na sauran sassan jiki alaƙa da ciwon sukari da na zuciya.

Awo na huɗu, wato na sukari, ya sha bamban da sauran domin sai an huda yatsa. A ganina wannan aiki ne na ma'aikacin lafiya, wanda za a riƙa gayyatowa lokaci-lokaci ya zo da kayansa, ya yi amfani da sabuwar allura ga kowane mutum. Sukarin wanda ya kwana bai ci komai ba idan ya kai miligiram 126 a ma'aunin da aka saba, alama ce ta ciwo da ke bukatar a tabbatar da ita a ɗakin gwaji. Tsakanin 100 da 125 kuwa gargaɗi ne, kuma masu irin wannan lamba su ne suka fi kowa cin moriyar filin motsa jiki, kamar yadda binciken Amurka ya nuna.

Bayan An Gano Ciwo

Gano ciwo rabin aiki ne. Wanda likita ya tabbatar masa da hawan jini ko sukari zai dawo cikin jama'a da jakar magani da tarin shawarwari, kuma a nan ne mafi yawa suke karaya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka a ranaku biyu. Matsakaici shi ne wanda mutum zai iya magana yana yi, amma ba zai iya rera waƙa ba. Tafiya da sauri ta minti talatin, kwana biyar a mako, ta cika mafi ƙarancin abin da ake nema.

Amfanin wannan a jiki sananne ne. Motsa jiki a kai a kai yakan saukar da lambar sama ta mai hawan jini da kimanin maki 5 zuwa 8, kuma bincike ya nuna cewa saukar maki 5 kawai na rage hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 10 cikin ɗari. Ga mai ciwon sukari kuwa, tsokar da ke aiki takan zuƙi sukari daga jini, kuma jiki yakan ci gaba da amsa sinadarin insulin da kyau na kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye. Wannan ne ya sa ake ce masa kada ya wuce kwana biyu a jere bai motsa ba.

Mai horarwa kuma dole ya san abubuwan kiyayewa. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi yayin ɗaga abu mai nauyi, kuma kada ya tsaya cak bayan gudu, ya riƙa sassautawa a hankali. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin yana iya fuskantar faɗuwar sukari a fili. Alamunta su ne rawar jiki da gumi mai sanyi da yunwa da ruɗewa, kuma idan yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan sukari ko lemo nan take. Ya sa takalmi mai laushi, ya duba ƙafafunsa bayan kowane atisaye, domin ciwon kan kashe jin zafi a ƙafa har mutum ya taka ƙaya bai sani ba. A ƙasa mai zafi irin tamu, a zaɓi sanyin safiya ko na yamma, a kuma tanadi ruwan sha.

Sukar da Ake Yi wa Wannan Ra'ayi

Adalci ne a saurari masu ja da wannan ra'ayi, domin wasu daga cikin hujjojinsu suna da ƙarfi. Suka ta farko ita ce mai horarwa ba likita ba ne, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda aka ba na'urar awo yau, gobe zai fara rubuta magani, jibi ya fara sayar da garin rage tumbi ko wani jiƙo, ya ce wa mutane su bar ƙwayar asibiti tunda suna gumi. Wannan tsoro gaskiya ne a ƙasar da kowane lungu ke da mai sayar da maganin da ke warkar da cuta arba'in. Maganinsa shi ne a shata iyaka tun ranar farko. Aikin fili shi ne ya auna, ya rubuta, ya tura, ya bibiya. Faɗin sunan ciwo da ba da magani da canza shi da dakatar da shi na likita ne kaɗai. Filin da ba shi da wata cibiyar lafiya da ya ƙulla yarjejeniya da ita, wadda za ta karɓi waɗanda ya turo, bai kamata ya fara awo ba.

Suka ta biyu ita ce, masu zuwa gidajen motsa jiki 'yan boko ne da masu hali da samari, alhali waɗanda ciwon ya fi ci su ne talakawa da dattawa da matan da ke cikin gida. Wannan ma haka ne, idan an taƙaita magana ga gidajen da ake biyan kuɗi. Shi ya sa na fi ba filin makaranta muhimmanci. Kusan babu unguwa ko ƙauyen da ba shi da makarantar firamare, kuma filinta a banza yake kwana ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutu. Makarantar da ke da katanga tana iya ware wa mata lokacinsu, malama mace ta jagorance su, babu namijin da zai shiga. Ta haka za a kai ga waɗanda kunya ko al'ada ta hana su fita fili.

Suka ta uku ita ce, mene ne amfanin gaya wa mutum yana da ciwo idan ba shi da kuɗin magani? Wannan ita ce mafi nauyi, kuma ba zan ce ina da cikakkiyar amsarta ba, domin tsadar magani matsala ce da gwamnati kaɗai za ta iya warwarewa. Sai dai in ce, kuɗin ƙwayar hawan jini na shekara bai kama ƙafar kuɗin wankin ƙoda na wata guda ba, balle jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye, wadda takan cinye gona da gida. Haka kuma rage gishiri da barin taba da tafiya a ƙafa ba sa bukatar ko kwabo. Wanda ya sani yana da zaɓi, wanda bai sani ba kuwa jira kawai yake yi.

Akwai kuma batun sirri. Lambar jinin mutum ba abin hira ba ce a majalisa. Littafin da ake rubuta awo ya kasance a hannun mutum ɗaya amintacce, kuma a riƙa faɗa wa kowa sakamakonsa a keɓe.

Rawar Malamin Makaranta

Ɗalibin da ke karanta wannan maƙala zai fita ya zama malami a wani gari, mai yiwuwa inda babu likita ko ɗaya. A irin wannan wuri maganar malami tana da nauyi. Kwalejojin ilimi da dama suna da sashen ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, kuma ina ganin bai kamata ɗalibin wannan sashe ya karɓi takardar shaidarsa ba sai ya iya awon jini daidai, ya san lambobin hatsari, ya kuma iya taimakon gaggawa ga wanda ya faɗi. Ɗaliban sauran sassa ma ba su tsira ba. Malamin Hausa, alal misali, shi ne zai iya mayar da wannan ilimi cikin harshen da tsohuwa za ta fahimta, ya tsara shi cikin wasan kwaikwayo ko waƙa ko allon sanarwa, ya kuma yi wa jama'a bayani cikin ladabi cewa shanyewar ɓarin jikin da ake jingina wa iska ko sammu, mafi yawan lokuta jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa.

Matakan farawa ba su da yawa. Shugaban makaranta ya tuntuɓi cibiyar lafiya mafi kusa. Ƙungiyar iyaye da malamai ta sayi na'urar awon jini da sikeli da tef. A ranar gasar wasanni ta shekara, lokacin da iyaye ke cika makaranta, a kafa rumfar awo a gefen fili. Ranar Hawan Jini ta Duniya, 17 ga Mayu, da Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, 14 ga Nuwamba, dama ce ta fara irin wannan shiri. Daga nan a kafa ƙungiyar tattaki ta safiyar Asabar. Su kansu malamai su fara miƙa hannu a auna su, domin wanda bai san lambar jininsa ba ba shi da bakin tura wani.

Game da yara kuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro na bukatar kimanin minti 60 na motsa jiki a kullum, amma a makarantu da yawa darasin wasanni shi ne ake fara yankawa idan an so a ƙara lissafi ko a share harabar makaranta. Ya kamata malamai su kare wannan darasi, su kuma raya shi da wasanninmu na gargajiya irin su langa da kokawa da 'yar gala-gala, waɗanda ba sa bukatar kayan da za a saya.

Kammalawa

An ga cewa hawan jini da ciwon sukari suna shiga jiki ba tare da alama ba, kuma al'adarmu ta jiran ciwo ya kayar da mu kafin mu nemi asibiti tana ba su damar yin ɓarna. An kuma ga yadda aka yi amfani da gidajen motsa jiki a Amurka, da filayen ƙwallo a Sikotland, da dandalin unguwanni a Birazil wajen gano masu hatsari da taimaka musu. Filin motsa jiki ba zai maye gurbin asibiti ba, kuma duk ranar da ya yi yunƙurin haka ya zama abin gudu. Matsayinsa shi ne na ƙofar da ke kai mutum ga likita da wuri, da kuma wurin da zai dawo ya aiwatar da abin da likita ya ce. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Malamin da ya tsaya a bakin filin makarantarsa da na'urar awo da littafi, ya gano magidanci ɗaya da jininsa ya hau tun kafin ya faɗi, ya ceci gida guda daga maraici, kuma ya koyar da darasin da ɗalibansa ba za su manta ba.